Haruffan da aka ƙera don su yi ihu

Jama'a, ku ɗan lura da fastocin 'yan siyasa da hotunan "da ɗumi-ɗumi" da ake ta turo mana a Facebook da WhatsApp. Za ku ga wasunsu an rubuta su da haruffa masu kauri, dogaye, a matse, sun ɗan karkata dama, kowane harafi da dunduniya mai faɗi kamar bulo. To, wannan salon ba yau aka fara shi ba.

Asalinsa daga Landan ne. Wajen 1815 wani maƙerin haruffan dalma, Vincent Figgins, ya fito da haruffa masu irin wannan dunduniya, ya kira su Antique. Kasuwa ce ta jawo hakan: masana'antu sun yawaita, bango ya cika da takardun talla, siraran haruffan littafi kuma ba a hango su daga nesa. Daga baya aka laƙaba musu suna Egyptian, alhali babu abin da ya haɗa su da Masar, illa dai Turawan lokacin suna ɗokin duk wani abu na Masar tun yaƙin Napoleon na 1798. Kun ga har sunan ma talla ne.

A 1845 Robert Besley ya fitar da nasa samfurin, Clarendon, ya yi masa rajista a hukumance. Kariyar ta shekara 3 ce kacal, tana ƙarewa sauran maƙera suka yi ta kwaikwayo. A Amurka kuma tun 1828 Darius Wells na New York yake sayar da manyan haruffan katako, saboda dalma ta cika nauyi da tsada idan harafi ya girma.

Matsewar fa? Takarda ba ta da faɗi, suna ga tsawo, mai talla kuma ba ya son a rage girma. Sai aka matse haruffan, suka yi tsawo, kalma ta shige layi guda. Karkacewar kuma ta girme su duka: Aldus Manutius ya fara buga littafi da karkatattun haruffa a Venice a 1501. Masu talla suka gane cewa harafin da ya karkata kamar mai gudu yake, shi ya sa ya karɓu a harkar wasanni da tsere.

Ku haɗa ukun: kauri na cewa "dube ni", matsewa na cusa magana da yawa, karkacewa na cewa "yi sauri". Wallahi kafin ka karanta kalma ɗaya, siffar rubutun ta riga ta yi aikinta a kanka. Yau kuma yaro da wayarsa zai haɗa irin wannan hoto cikin minti 5, babu maɗaba'a, babu edita.

Don haka in ka ga labari yana maka ihu, dakata tukun. Wa ya faɗa? Yaushe? Kaurin harafi dai ba hujja ba ne. Allah Ya sa mu gane.