Zanen Aro: Tarihin Tsara Unguwannin Masana'antu a Kano

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi diddigin yadda aka tsara unguwannin masana'antu uku na Kano, watau Bompai da Sharaɗa da Challawa, a ga inda aka aro tsarin nasu, da abin da tsarin ya haifar. Amma kafin a shiga tarihi, ya kamata a ɗan leƙa wani wasa na zamani, domin abin da ake yi a cikinsa da wasa shi ne abin da hukumomi suka yi wa Kano da gaske.

A shekarar 1989 wani Ba'amurke mai suna Will Wright ya fito da wasan kwamfuta da ake kira SimCity. A cikinsa ana ba mutum fili fetal da 'yan kuɗi, a ce ya zama magajin gari. Shi zai shata hanyoyi, ya ware wuraren zama da na kasuwanci da na masana'antu, kowanne da launinsa, sa'an nan ya ja musu wuta ya sa haraji, ya zura ido ya ga ko garin zai cika ko zai watse. A 2015 wani kamfanin ƙasar Finland ya fito da Cities: Skylines, wanda ya ba 'yan wasa damar ƙera gine-ginensu da kansu. Daga nan aka sami masu sha'awar gina birane irin na Japan: lunguna matsattsu, wayoyin lantarki birjik a sama, jirgin ƙasa yana ratsa unguwa, ƙaramin kanti a ƙasan gida. Har kamfanin ya fitar da kunshin gine-ginen Japan a 2020. To, abin lura shi ne, duk mai wannan sha'awa sai ya yi kokawa da dokar wasan, domin wasan ya ginu a kan raba gida da wurin sana'a, alhali kuwa kyan birnin Japan a cakuɗa su yake. Wannan saɓani shi ne ƙashin bayan tarihin da za a kawo.

Birnin Kano na dā bai san wannan rabuwa ba. Tun daga ganuwar da aka fara a zamanin Sarki Gijimasu, har zuwa faɗaɗa ta da kafa kasuwar Kurmi a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), sana'a ce take ba unguwa suna. Akwai Dukawa, akwai Soron Ɗinki, akwai Tudun Maƙera, ga karofin Ƙofar Mata da na Zage. Masaƙi a zaure yake aiki, baduku a ƙofar gida, yaro yana tashi ya tarar da sana'ar a gabansa. Ko ayyuka masu wari, kamar jima da rini, ba a kai su nesa da inda ƙafa za ta iya zuwa ba. Kuma kada a ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Sa'ad da Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa daga ƙasar a shekara sun kai na wuri miliyan 300 a ƙalla, ana kai su har Tumbutu da Gat da Tarabulus. Binciken da marigayi Philip Shea ya yi a kan rini ya nuna cewa wannan arziki a warwatse yake cikin garuruwa irin su Kura, inda dubban ƙananan masu sana'a suke miƙa wa juna aiki: mai kaɗi ya ba masaƙi, masaƙi ya ba maɗinki, marini ya karɓa, mabugi ya gama.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911. Daga nan aka fara zana gari a takarda kafin a gina shi. Dokar garuruwa ta 1917 ta tabbatar da ra'ayin Lugga na raba jama'a: Turawa a Nasarawa da Bompai, Kwarori a unguwarsu kusa da tasha, baƙi 'yan Kudu a Sabon Gari, 'yan ƙasa a cikin ganuwa da Fagge. Tsarin ya tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440 ba gini tsakanin mazaunin Turawa da na baƙar fata, wai don tsoron sauro da zazzaɓi. Da ma can hukumar mulkin mallaka ba masana'antu ne a gabanta ba. Gyaɗa da auduga da fatu take so su hau jirgi su nufi Ikko. Abin da ya fi kama da shirin masana'antu a wancan lokaci En'e ta Kano ce ta yi shi da kuɗin baitulmalinta, watau aikin ruwan famfo da lantarki na bakin kogin Challawa, wanda aka buɗe a farkon shekarun 1930.

Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka fara kafa injuna sosai. Kwarori da Girkawa, irin su George Calil da Mandrides, suka kafa injunan matsar gyaɗa. Attajiran gari kuma, har da Alhaji Alhassan Ɗantata, suka haɗa jari a farkon shekarun 1950 suka kafa masaƙa a Gwammaja. A cikin shekarun nan ne aka keɓe Bompai don masana'antu, aka yanka filaye manya, aka ja hanyoyi miƙaƙƙu. Wannan dabara daga Ingila aka ɗauko ta. A can ne aka fara keɓe wa masana'antu unguwa a Trafford Park kusa da Manchester a 1896, aka bi da irinta a Slough da Team Valley. Amma a Ingila an yi haka ne a ƙasar da masana'antu suka riga suka yi ƙarfi, ga gawayi ga ƙarfe ga tashar jirgin ruwa a kusa. A Kano kuwa fili aka fara shatawa, aka zauna jiran masana'antu su zo.

Sun kuwa zo, wannan ba a musunsa. Bompai ta cika da injunan mai da sabulu da turare da alewa da kwanukan tasa da takalman roba, har da wurin haɗa kekunan Raleigh. A farkon shekarun 1960 hukumar tsara birni ta sa wani masani, B. A. W. Trevallion, ya zana shirin shekara 20, daga 1963 zuwa 1983. Shirin ya bi hanyar da aka saba a Ingila: kowane aiki da yankinsa, manyan hanyoyi su haɗa su. Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, gwamnatin Audu Baƙo ta sami abin dogaro, kuɗin man fetur kuma suka biyo baya. Aka buɗe Sharaɗa a kudu maso yammacin birni, kashi na ɗaya da na biyu da na uku, daga bisani aka ƙara Challawa wajen Panshekara, inda manyan majemu da masaƙu suka tare saboda kusancin ruwa. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 suka shigar da attajiran Kano cikin hannun jari. Kano ta zama ta biyu ga Ikko wajen yawan masana'antu. Paul Lubeck, wanda ya yi nazarin leburorin waɗannan ma'aikatu, ya nuna cewa da yawansu 'yan ci-rani ne da almajirai daga ƙauyuka, kuma su ne suka yi yajin neman kuɗin Adebo a 1971, tare da neman a ba su lokacin salla a wurin aiki.

A nan ya kamata a waiwayi Japan, domin ita ma gwanar aro ce. A shekarar 794 aka gina birnin Heian, wanda ake kira Kyoto yanzu, bisa zanen Chang'an, babban birnin Sin, da tituna a jere kamar gidan dara. Ba a daɗe ba rabin birnin na yamma ya koma kango saboda fadama ce, jama'a suka karkata gabas suka bar zanen a takarda. Bayan gobarar 1872 gwamnati ta sa wani injiniya daga Birtaniya, Thomas Waters, ya sake gina unguwar Ginza ta Tokyo da jan bulo irin na Landan. Gidajen suka yi tsada, suka riƙa tara danshi, girgizar ƙasa ta 1923 ta ƙarasa su. Watau duk lokacin da Japan ta ari siffar birni ɗungurungum, sai ta ga gaskiyar Bahaushe da ya ce zanen aro ba ya rufe katara. Aron da ya karɓe ta shi ne na ilmi da na'ura, waɗanda ta shigar cikin sana'o'in da take da su. Sakichi Toyoda ɗan kafinta ne daga yankin masaƙa. Ya yi ta gyara masaƙar hannu har ya ƙera mai sarrafa kanta a 1924, a 1929 kamfanin Platt na Ingila ya sayi haƙƙinta a kan fam 100,000. Daga wannan gida kamfanin motocin Toyota ya fito.

Bugu da ƙari, dokar tsara birane ta Japan ba ta kori ƙaramin mai sana'a daga unguwa ba. A yawancin wuraren zama an yarda mutum ya buɗe ɗan kanti ko wurin aiki a gidansa. Gundumar Ota kaɗai a Tokyo tana da ƙananan ma'aikatu fiye da 9,000 a 1983, akasarinsu na mutum kaɗan ne, wannan ya yanka ƙarfe, ya miƙa wa maƙwabcinsa ya huda, na gaba ya goge, kayan su ƙare a babban kamfani. Yawansu ya ragu ƙwarai tun daga lokacin, amma duk wanda ya san yadda turkuɗi yake bi ta hannu biyar a Kura zai gane wannan tsari nan take. Waɗannan lunguna ne masu wasan kwamfuta suke wahalar kwaikwaya, kuma irinsu ne masu tsara Kano suka juya wa baya suna ganin ci-baya ne.

Japanawa sun taɓa zuwa Arewa da jarinsu da gwanintarsu: su ne suka kafa masaƙar Arewa Textiles a Kaduna a shekarun 1960, kamfanin Kobe Steel kuma ya gina ma'aikatar mulmula ƙarfe ta Katsina a farkon shekarun 1980. Amma manyan injuna suka kawo, ba wancan zumunci na babba da ƙarami ba.

Illar rashin wannan zumunci ta bayyana da iska ta juya. Fari na 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka kawar da dalar gyaɗa, injunan mai suka rasa abin matsa. Yawancin sauran ma'aikatun kuwa daga waje suke sayo kayan aiki da kayan gyara, ko ƙusar inji sai an yi odarta. Da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki a 1986, dalar Amurka da ba ta kai naira 1 ba a 1985 ta koma wajen naira 4 cikin ɗan lokaci. Wutar NEPA ta zama sai an gani, kowace ma'aikata ta koma janareta da baƙin mai, ga nisan fiye da kilomita 1,000 daga teku. A cikin wasan kwamfuta, idan wuta ta yanke wata alama ce take ƙyaftawa a kan gini, mai wasa ya danna ya kafa sabuwar tasha. Mai masaƙa a Sharaɗa ba shi da abin dannawa. Daga ƙarshen shekarun 1990 atamfofin Sin suka cika Kantin Kwari, masaƙu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, har da Gaskiya Textiles ta Alhaji Nababa Badamasi. Gine-gine da dama suka koma rumbunan ajiye kayan da aka shigo da su, irin waɗanda a dā ake ƙerawa a cikinsu.

Ko amfanin da aka ce rabuwar za ta yi, na kare lafiyar jama'a, bai samu ba. An zana filaye, ba a gina matatar dagwalon ruwa da za ta wadatar ba. Ruwan Bompai ya bi rafin Getsi ya shiga Jakara, na Sharaɗa ya bi Salanta, na majemu ya gangara kogin Challawa ɗauke da sinadarin kuromiyam, manoman rani suna ban-ruwa da shi. Gari kuma ya bunƙasa ya cim ma unguwannin, gidaje suka kewaye su. Japan ta sha irin wannan a Yokkaichi, inda hayaƙin matatun mai ya jawo wa mutane ciwon asma, sai dai a can kotu ta kama kamfanonin da laifi a 1972, aka kuma tsaurara doka.

Majemun Challawa suna cikin waɗanda suka fi jurewa, kuma dalilin a fili yake: fatarsu ta gida ce, musamman ta jan akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda fatake suka daɗe suna kai wa Arewacin Afirka har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Amma mafi kyawunta Italiya da Sifen ake kai wa, dukawan Ƙofar Wambai kuwa, masu ɗinka takalma da jakunkuna a cikin lunguna, sau da yawa da ragowa ko da roba suke aiki, ga majemar ga su a gari ɗaya. A 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun iskar gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajakuta ta Kaduna zuwa Kano, wanda masu masana'antu suka ɗora wa buri wajen samun wuta mai araha.