Anike Agbaje-Williams: Fuskar da Aka Fara Gani a Talabijin

Yau hirar tamu ta tarihi ce. Na san da yawanku rediyon nan yana gefenku, ko kina tsintar shinkafa ko kina yi wa yarinya kitso, kuma idan kika ji muryar mace tana karanta labarai ba ki ko ɗaga kai, don abin ya zama jiki. To, da ba haka yake ba. A Ingila ma, a 1933 gidan rediyon BBC ya ɗauki wata mata, Sheila Borrett, aikin sanarwa, amma wata uku kacal ta yi aka cire ta saboda wasiƙun ƙorafi da suka yi ta zuwa. Abin takaicin, da yawa daga cikin masu ƙorafin mata ne 'yan uwanta.

A nan Nijeriya, ɗaya daga cikin waɗanda suka share mana fage ita ce Anike Agbaje-Williams. Bayerabiya ce, an haife ta a Abeokuta a 1936, ta yi karatu a makarantar 'yan mata ta mishan. A 1955 ta samu aiki a gidan rediyon gwamnati da ke Ikoyi a Legas, amma fa ba aikin magana ba, ƙaramar akawu ce mai hidimar takardu. Rannan wanda ya kamata ya yi sanarwa bai zo ba, lokaci kuwa ba ya jira, sai aka ce ta zauna a madadinsa. Da shugabanninta suka ji muryar da yadda take fitar da kalmomi, daga nan aka mai da ita sashen shirye-shirye.

Wasu za su ce sa'a ce. Ni dai a ganina sa'ar ta tarar da ita a shirye. Duk wadda ta taɓa zama gaban makirfo ta san yadda harshe ke nauyi da zarar jar fitilar nan ta kama. Ga takarda a hannu, hannu na rawa, kuma ko ƙarar juya takardar sai an ji ta a gidajen mutane. Yarinyar da ba ta kai shekara 20 ba ta zauna ta karanta tiryan-tiryan, ai kin san ba ranar ta fara iya karatu a bayyane ba.

To yaya aka yi ta koma talabijin? Sai mun ɗan taɓo siyasa. A 1953 Gwamna Macpherson ya soki jam'iyyar Cif Obafemi Awolowo a gidan rediyon gwamnati, da Awolowo ya nemi ya mai da martani aka hana shi. Abin ya tsaya masa a rai. Da tsarin mulkin 1954 ya ba kowace jiha damar kafa gidan watsa labarai nata, gwamnatin Jihar Yamma ta haɗa hannu da wani kamfanin Ingila, aka gina tashar WNTV a Ibadan. Ranar 31 ga Oktoba 1959 aka buɗe ta, saura wata 11 a samu mulkin kai. Kirarinta shi ne ta farko a Afirka. A ƙasashen kudu da Sahara kam babu wadda ta riga ta.

Fuskar Anike ce aka fara gani a akwatin, tun a daren gwaji har daren buɗewa. Da aka buɗe rediyon jihar, WNBS, a 1960, nan ma muryarta aka fara ji. Shi ya sa ake mata laƙabin mai farko biyu.

Uwargida, ki ƙiyasta aikin nan a wancan zamani. Hoton fari da baƙi ne. Kusan duk abin da aka yi a ɗakin shiri kai tsaye yake fita, babu a ɗauka a gyara. In harshenki ya sarƙe, ya tafi ke nan. In fim ya tsinke ana cikin kallo, mai sanarwa ce za a hasko, ta ba da haƙuri cikin fara'a, ta riƙe masu kallo har injiniyoyi su gyara. Ga zafin manyan fitilu, ga ɗaurin kallabi da dole ya zauna daram. A rediyo muryarki kawai ake sani, kina iya shiga kasuwa ba wanda ya waiwaye ki. Talabijin kuwa ya kai fuskarki ɗakin kowa, kuma kin san bakin mutane a kan 'ya mace. Akwatunan ma ba su da yawa, gidan da ke da shi maƙwabta da yara ke cika shi da yamma.

Sauran jihohi ba su zauna ba. Jihar Gabas ta buɗe tata a Enugu a 1960, mu kuma nan Arewa gwamnatin Sardauna ta buɗe Rediyo da Talabijin na Kaduna a 1962. A 1977 gwamnatin soja ta tattara gidajen talabijin ƙarƙashin hukuma ɗaya, tashar Ibadan ta koma cikin NTA.

Anike ba ta tsaya a sanarwa ba. Aikin fuska yana da wa'adi, ana yawan sauya mace da zarar shekaru sun fara nunawa, alhali namiji furfura ma ƙara masa kwarjini take. Ita sai ta koma bayan kyamara, ta zama mai tsara shirye-shirye, har ta kai matsayin darakta. Ta yi ritaya a 1986, bayan shekara 31 a wannan sana'a. Ta rasu a Ibadan cikin Fabrairun 2025, tana da shekara 88.