Tsofaffin Motocin Da Suka Ƙi Yin Ritaya A Titunan Katsina



Duk wanda ya saba sammako a birnin Katsina ya san su. Kafin rana ta take, za ka ga wata akori-kura ta shigo ta Ƙofar Guga ɗauke da buhunan gawayi ko itace, bayanta ya kusa taɓa ƙasa, ƙofar direba an ɗaure ta da igiya. Can wajen Ƙofar Ƙwaya wata Fijo 504 mai dogon baya tana lodin fasinja. Wani lokaci kuma, ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, sai ka ga wani dattijo ya fito da Marsandinsa mai shekara arba'in, ya goge ta tas, yana tafiya a hankali, 'yan Keke Napep suna ta yi masa hon. Mu matasa mukan yi dariya, mu ce ga gwangwani ta fito. Amma da muka zauna muka lissafa, sai muka ga yawancin motocin nan sun girme mu, wasu ma sun girmi Jihar Katsina kanta, wadda aka ƙirƙira ranar 23 ga Satumba, 1987. Shi ya sa muka ga ya dace a wannan mako mu bi sawunsu, mu ga daga ina suka fito, me ya sa har yau suke tafiya, kuma me za mu rasa ranar da suka ƙare.

Sai mu fara da dalilin da ya sa mota ta zame wa Katsina dole. Layin dogo ya iso Kano a 1911. Daga baya aka ja wani reshe daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Birnin Katsina bai samu jirgi ba. Saboda haka gyaɗa da auduga da fatu da aka noma ko aka tara a wannan yanki, sai an kai su inda jirgi yake, da farko a kan jakuna da raƙuma, daga baya a cikin manyan motoci masu bodin katako. Tafiyar kimanin kilomita 170 zuwa Kano, wadda fatake kan kwana da kwanaki suna yi, ta koma ta yini ɗaya. Wannan canji ya faru a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, sarkin da aka sani da karɓar sabon abu idan ya ga amfaninsa. Ya je Ingila a 1921, ya kuma sauke farali, a zamaninsa ne aka kafa Kwalejin Katsina, kuma a zamaninsa ne wasan folo ya kafu a garin. Tun daga lokacin direba da yaron mota da bakanike suka zama masu sana'a da ake ji da su. Sai yanzu, bayan shekara ɗari da wani abu, ake shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi wanda zai ratsa Katsina, aikin da aka ƙaddamar a Fabrairun 2021.

Da yawa daga cikin motocin zamanin mulkin mallaka na Ingila ne, domin su ke mulki: Bedford da Austin da Morris da Landiroba, duk sitiyarinsu a hannun dama, ana kuma tuƙi a gefen hagu na hanya. Ranar 2 ga Afrilu, 1972, Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kamar yadda maƙwabtanmu na Nijar da sauran ƙasashen da Faransa ta raina suke yi. Ga garin da ke bakin iyaka irin namu, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, domin direban da ya tashi daga Katsina ya bi ta Jibiya zuwa Maraɗi ya daina sauya hannu a kan iyaka. Canjin ya kuma taimaka wajen ture motocin Ingila gefe, ya buɗe wa na Faransa da Jamus hanya. Shi ya sa da wuya yau ka ga mota mai sitiyari a dama tana yawo a gari, in ka gan ta kuwa, ka tsaya ka kalle ta da kyau.

Daga nan sai zamanin Fijo. An fara ƙera samfurin 404 a Faransa a 1960, ita kuma 504 a 1968, har ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. A 1975 ta lashe gasar tseren Safari ta Kenya, gasar da ake yi a kan hanyoyin daji masu taɓo da ƙura irin namu. A wannan shekarar ce kuma kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, ya fara harhaɗa motoci a Kakuri cikin garin Kaduna. A shekarun farko, da jirgin sama ake ɗauko sassan motocin daga birnin Lyon na Faransa a sauke a Kano, sannan a kai su Kaduna a ɗaura. Mu tuna, a lokacin Katsina da Kaduna jiha ɗaya ce. Ke nan Fijo motar gida ce, wadda 'yan jiharmu suka ɗaura da hannunsu.

Ba Kaduna kaɗai ba. Volkswagen ta buɗe tata masana'antar a Legas tana haɗa Bitil. Steyr tana Bauchi, Leyland tana Ibadan, ana haɗa manyan motocin Fiat a Kano, na Marsandi kuma a kamfanin ANAMMCO na Enugu. Kuɗin mai sun shigo, ga ƙarin albashin Udoji na 1974, ga bashin mota da gwamnati ke ba ma'aikatanta. Malamin makaranta da akawu da malamin gona suka fara sayen sabuwar mota fil a leda. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed ranar 13 ga Fabrairu, 1976, a cikin baƙar Marsandin da har yau take ajiye a gidan tarihi na Legas, gwamnatin Janar Obasanjo ta bi tsarin rage facaka, Fijo 504 ta zama motar manyan jami'an gwamnati. Daga kwamishina har direban tasha, mota iri ɗaya suke hawa, sai dai bambancin fenti da tsafta.

Wannan daula ba ta daɗe ba. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, a 1986 kuma gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin SAP, darajar naira ta karye. Tun da da kuɗin waje ake sayo sassan da ake ɗaurawa, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Masana'antun suka riƙa durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. PAN ta daure ta ci gaba da haɗa 504 har cikin shekarun 2000, bayan an daɗe da daina yin ta a Faransa, amma yawancin mutane sun riga sun koma ga motocin da Turawa suka gama yayi, waɗanda muke kira 'yan Kwatano ko Beljiyam. Ana sauke su a tashar ruwan Kwatano, wasu su biyo ta Nijar su shigo mana ta Maraɗi. Ta haka ne Golf da Fijo J5 da Marsandi da Honda suka cika mana gari. Ita kanta Golf 3 da ke jigilar ƙauyukanmu a yau, a 1991 aka fara ƙera ta. Wato ita ma ta shiga layin dattawa, ba mu dai lura ba ne.

To, me ya sa waɗannan motoci ba su mutu ba? Amsar tana gareji. Fijo 404 da 504 ba su da na'urar kwamfuta a cikinsu. Kafireto ne ke haɗa mai da iska, fulogi ya ba da wuta, shi ke nan. Bakanike yana iya gane ciwonta da kunne, ya kwance kafireto a gindin bishiya, ya wanke da fetur, ya hura, ya mayar. Ƙafafun baya ne ke tura ta, cikinta yana da tsawo daga ƙasa, sifirin ɗinta kuma yana jure rami da kaya. Injinansu dangin juna ne, saboda haka idan ɗaya ta mutu sai ta zama abincin 'yan uwanta: a cire giya a sa wa wannan, a cire ƙofa a sa wa waccan. Abin da ba a samu ba a Katsina, a aika Kano ko Fanteka ta Kaduna. Abin da ya gagara, mai walda da maƙeri su ƙirƙiro shi. Idan ka duba da kyau, akori-kurar da ka gani da safe ba mota ɗaya ba ce, ragowar motoci huɗu ko biyar ce aka haɗa ta zama ɗaya.

A nan ne muka bambanta da Turawa. A can tsohuwar mota abin ado ce ta masu hali, a ajiye ta a rufe, a fito da ita ranar baje koli. Mun fi kama da mutanen birnin Habana na ƙasar Kuba, waɗanda suka ci gaba da lallaɓa motocin Amurka na shekarun 1950 saboda takunkumi ya hana su samun sababbi. Mu ba takunkumi ya hana mu ba, aljihu ne. Daga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, a Agustan 2019 aka rufe iyakokin, ba a fara buɗe su ba sai a Disambar 2020, naira kuma ta ci gaba da faɗuwa. Mai tsohuwar mota ya ga ba shi da abin da zai maye gurbinta, sai ya ƙara riƙe ta. Da ita ake kai hatsi kasuwa, da ita ake kai amarya, da ita ake ɗauko mai naƙuda daga ƙauye cikin dare.

Kada kuma son tarihi ya rufe mana ido. Waɗannan motoci suna shan mai, kuma tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace lita da suka sha daga bakin yaran mai motar take fita. Suna hayaƙi. Da yawansu birkinsu sai an taka sau biyu ko uku, fitila ɗaya ce ke kamawa, ga lodi fiye da ƙima. A wannan zamani na rashin tsaro, motar da za ta mutu maka a tsakiyar daji a hanyar Batsari ko Jibiya ba abin wasa ba ce. Ba za mu ce wa talaka ya ci gaba da kasada da ransa don mu samu abin ɗaukar hoto ba. Wadda ta gaji, a sauke ta daga hanya.

Tambayar ita ce, in an sauke ta, ina za ta? A yanzu amsa ɗaya ce: wajen 'yan gwangwan. Mun taɓa tsayawa a wani gareji a bayan gari muka ga an sa wuta ana yanka wata 404, aka ɗora ta a sikeli gunduwa-gunduwa, aka loda a babbar mota za a kai inda ake narkarwa. Cikin yini ɗaya ta ɓace. Babu wanda ya tambayi wa ya fara sayenta, a wace shekara, ko hanyoyi nawa ta bi. Haka kuma tsofaffin kanikawan da suka san ta ciki da waje suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, yaran da ke koyo a yau kuma hankalinsu yana kan motocin da ake jona wa na'ura ta faɗi ciwonsu. Ba laifinsu ba ne, can abinci yake.

Muna alfahari da Hasumiyar Gobarau da Takobin Gajere da ƙofofin birni, kuma ya kamata mu yi. Amma tarihi bai tsaya a kan sarakuna da yaƙe-yaƙe ba. Motar da aka haɗa a Kakuri shaida ce cewa akwai lokacin da ƙasar nan ke ɗaura motarta, ma'aikacinta kuma yake iya sayenta da albashinsa. Yaron da aka haifa yau, in aka gaya masa haka da baki, zai ɗauka tatsuniya ce. In ya ga motar da idonsa, dole ya yi tambaya: me ya faru? Wannan tambayar kuwa muna bukatar a riƙa yin ta.

Saboda haka muna da shawara uku. Ta farko ga hukuma: gidan tarihi na ƙasa da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, ko hukumar tarihi da al'adu ta jiha, su nemi ko da 404 ɗaya da 504 ɗaya da Bitil ɗaya da babbar mota mai bodin katako, a gyara a ajiye. Kuɗinsu bai kai na sabuwar mota ɗaya ta ofis ba. Ta biyu ga makarantunmu na fasaha: tsohon inji mai kafireto ya fi kowane zane a allo saurin fahimtar da ɗalibi yadda mota ke aiki, kuma tsofaffin kanikawa malamai ne da ba a gayyata ba. Ta uku gare mu marubuta. Kowannenmu yana da waya a hannu. In ka ga tsohuwar mota, ka yi wa mai ita sallama, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto, ka tambaye shi shekararta da hannun da ta bi kafin ta zo gare shi. In akwai tsohon direba ko ɗan kamasho a unguwarku, ka kai masa goro ka zauna ka saurara, ka rubuta. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Wanda mahaifinsa ko kakansa ya taɓa mallakar ɗaya daga cikin motocin nan, ko yake da tsohon hotonta a gida, muna roƙo ya ba mu labarinta: wace iri ce, wane launi, kuma ina ta ƙare. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya tsare matafiya a duk inda suke, Ya ba mu zaman lafiya a Katsina da ƙasa baki ɗaya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.