Yadda Indomie Ta Taso Daga Indunusiya Ta Shigo Tukunyarmu

Yau tarihin wata baƙuwa za mu ji, wadda ta zama 'yar gida a madafinmu, wato Indomie.

Da yawa daga cikinmu sun ɗauka daga Turai ta zo. A'a, asalinta ƙasar Indunusiya ce, a can nahiyar Asiya, ƙasa mai tasowa kamar tamu, wadda ta fi kowace ƙasa yawan Musulmi. A can aka fara yin ta a shekarar 1972. Sunan ma daga nan ya samo asali: "Indo" ƙasar ke nan, "mie" kuwa taliya a harshensu.

A ƙarshen shekarun 1980 wani kamfani mai suna Tolaram, na wasu 'yan kasuwa 'yan asalin Indiya, ya fara shigo da ita Nijeriya. Da farko kasuwa ta ƙi. Mu nan Arewa mun san taliyar murji tun kaka da kakanni, amma a wurare da dama mutane ba su saba ba, har wasu na cewa ta yi kama da tsutsa.

To, me suka yi? Ba su tattara sun koma ba. Sai suka riƙa dafawa suna ba mutane kyauta a kasuwanni da makarantu. Suka ƙulla ta ƙanana, daidai kuɗin talaka, suka sa ɗanɗanon kaza da albasa da yaji irin na bakinmu. A tsakiyar shekarun 1990 suka kafa masana'anta a Ota ta Jihar Ogun, daga baya Fatakwal da Kaduna. Da suka ga matsalar wuta da hanya, sai suka tanadi wutarsu da motocinsu, har kaya ya kai kantin lungu.

'Yar'uwa mai sana'a a cikin gida, ko ƙuli-ƙuli kike yi ko turaren wuta, darasin naki ne. Ki san bakin mai saye, ki ƙulla daidai aljihunsa, ki tabbata kayanki na isa gare shi, sannan ki yi haƙuri. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.