Mun San Ibro, Amma Mun San Rabilu?

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ba ta ishe su su saurara ba.

Yau ba za mu yi nisa ba, a gida za mu tsaya. Duk ɗan Gaya da zai shiga birni ya san sai ya ratsa Wudil, ya haye gada. Mu da 'yan Ajingi da Warawa da Wudil kasuwa ɗaya muke ci ranar Juma'a, auratayya kuma ta haɗa mu. To a wannan yanki namu, a garin Ɗanlasan da ke ƙaramar hukumar Warawa, aka haifi Rabilu Musa ranar 12 ga Disamba, 1971. In na ce Rabilu Musa, wasu sai sun yi tunani. In na ce Ibro kuwa, na san har kun fara murmushi. Wannan bambancin shi ne maganarmu ta yau.

Rabilu ya yi firamare a Ɗanlasan, ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Wudil. A 1991 ya shiga aikin gidan yari, wato gandiroba, ya yi shekara takwas yana wannan aiki. Ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo kansa.

A lokacin da yake sa kaki, harkar fim ɗin Hausa tana rarrafe ne. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo. Kafin nan iyayenmu a talabijin suke kallon barkwanci, wajen su Samanja da Karkuzu da Ƙasimu Yero. Da kasuwar bidiyo ta buɗe, sai finafinan soyayya suka mamaye ta: saurayi ɗan gayu, budurwa 'yar birni, gidan sama, mota, rawa da waƙa irin na Indiya. Mutumin ƙauye in ya fito, sai dai mai gadi ko ɗan aike.

Rabilu ya shigo ta fim ɗin 'Yar Mai Ganye, ya ɗauko wannan mutumin ƙauyen ya ajiye shi a tsakiyar fili. Irin waɗannan finafinai ana kiransu camama, kuma da farko sunan raini ne, don kuɗin da ake kashe musu kaɗan ne, ana ɗaukarsu a lungu da bakin kasuwa da gindin bishiya. Amma su talaka yake saya. Mu da muka tashi a Gaya, in janareta ya tashi a gidan kallo aka sa kaset ɗin Ibro, muryar da muke ji irin ta mai shayin unguwarmu ce, rigimar da ake yi irin ta zauren gidanmu ce. Ba sai an fassara mana komai ba.

Kuma kada ku ɗauka shirme kawai yake yi. Duk abin da duniya take magana a kai, sai ya jawo shi ƙauye ya sa masa hula. Da waƙoƙin Awilo Longomba na Kwango suka cika gari, aka yi Ibro Awilo. Da finafinan Indiya suka kama zukatan matasa, aka yi Ibro Ɗan Indiya. Bayan harin 11 ga Satumba, 2001 a Amurka, aka yi Ibro Usama, sannan Ibro Saddam. Har wani malamin jami'a Bajamushe, Matthias Krings, ya yi nazari a kan waɗannan biyun na ƙarshe. Kun ga ke nan abin da muke kallo muna tuntsira dariya a kan benci, wasu a ƙasar waje zama suke yi suna rubutu a kansa.

Sai zamanin takura ya zo. Tun 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, amma a 2007, da aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugabanta, abubuwa suka yi zafi. A shekarar aka ɗaure Adam A. Zango. A watan Oktoba na 2008 kotun tafi-da-gidanka ta yanke wa Ibro da abokin aikinsa Lawal Ƙaura ɗaurin wata biyu, kan zargin da ya shafi rajistar kamfani da rawar da ke cikin fim. A gari kuwa mutane da yawa cewa suke yi waƙar Mamar ta cikin Ibro Aloko ce ta jawo, don an ɗauke ta a matsayin shaguɓe ga irin yadin da gwamnan lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, yake sawa. Ƙarshen shekarar kuma aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama.

To ku tuna abin da na ce ku riƙe. Mutumin da ya yi shekara takwas yana kulle ƙofar gidan yari daga waje, ga shi an kulle ta yana ciki. Mu a lokacin labari ne muke ba juna a makaranta, har da dariya, kamar wani sabon fim ɗinsa ne. Ba mu yi tunanin cewa akwai gidan da aka yi wata biyu ana ajiye kwanon maigida babu mai buɗewa ba.

Ranar Laraba, 10 ga Disamba, 2014, Allah ya yi masa rasuwa bayan fama da ciwon ƙoda. Saura kwana biyu ya cika shekara 43. Ina sakandare lokacin. Da na dawo gida na faɗa wa kakata, wadda kullum take yi mana faɗa kan zuwa gidan kallo, amma in an sa Ibro a tsakar gida ita ce mai dariya har da hawaye. Ni ina cewa shi ke nan, babu sauran sabon fim. Ita kuwa ta yi salati, ta yi shiru, sannan ta ce, "Allah sarki, marayunsa."

Wallahi sai da na girma na gane abin da ta gani. Mu mun yi rashin Ibro, wanda in mun so yanzu ma sai mu danna waya ya dawo. Iyalinsa sun yi rashin Rabilu: mijin da ake jira ya dawo daga wajen ɗaukar fim, uban da ake kai wa ƙara, mai biyan kuɗin makaranta da ɗinkin sallah. Shekara 43 ba tsufa ba ne. A nan ne magidanci yake fara tunanin aurar da 'ya'ya. Wannan ba ya dawowa da danna waya.

Shi ya sa nake ganin mu matasan intanet akwai bashi a kanmu. Kullum ana yanko guntayen finafinansa a TikTok da Facebook da YouTube, ana tara mabiya da su, wasu har kuɗi suke samu. Nawa ne daga cikinmu suke rubuta cikakken sunansa a ƙasa? Nawa ne suke cewa Allah ya jiƙansa? Wa ya taɓa tambayar ko haƙƙin wa yake ci, alhali mai aikin ya bar marayu? Tun zamanin kaset da faifan CD satar fasaha take cin 'yan fim, yanzu mun sauya mata riga ne kawai.

Sannan akwai maganar adana tarihi. Kaset yana lalacewa, faifai yana karcewa, mutanen da suka yi aiki da shi suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. A Wudil akwai jami'a. Ɗalibanmu na Gaya da Ajingi da Warawa da suke neman abin da za su yi bincike a kai, ga shi nan a ƙofar gida. Ku ɗauki waya ku je wajen abokan wasansa da tsofaffin abokan aikinsa, ku naɗi abin da suka sani tun suna raye. In iyalinsa sun yarda su yi magana, a je da ladabi da sallama, a saurara. In ba su yarda ba, a yi musu addu'a a bar su.

Abu ɗaya nake roƙo a wannan makon. Duk wanda zai tura bidiyon Ibro, ya rubuta Rabilu Musa Ɗanlasan, ya haɗa da addu'a. Ku kuma faɗa mana a ƙasa, wane fim ɗinsa kuka fara kallo, kuma a wane gari?

Allah ya jiƙan Rabilu Musa, ya gafarta masa, ya raya abin da ya bari. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.