Daga Makuba zuwa Siminti: Tarihin Yaɓe da Adon Sabon Gida a Ƙasar Dantchiao

Gabatarwa

Dantchiao gunduma ce ta karkara a kudancin jihar Damagaram, tsakanin Magariya da Dungas, kusa da iyakar Nijeriya. Har zuwa shekarar 2011 Magariya da Dungas mulki guda ne, kafin a yanke Dungas a ba ta nata. A ƙarni na 19 kuwa wannan yanki ya zauna tsakanin Sosebaki na Dungas da Wacha, da reshen gidan sarautar Daura da ya kafu a Magariya bayan jihadi, dukansu a ƙarƙashin inuwar sarakunan Damagaram. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata tsakanin 1906 da 1908 ta raba kasuwanni da dangi, amma ba ta raba hanyar gini ba.

Wannan maƙala ta dubi mataki guda ne na ginin gida, watau abin da maigida ke zaɓa bayan bango ya tashi: rufi, da yaɓe, da daɓe, da ado. A wannan mataki ne aka fi ganin arzikin mutum da matsayinsa, kuma a nan ne kalmomin sana'ar suka fi saurin salwanta.

Shirin gini da tsadar ice

Ƙasar Magariya da Dungas jigawa ce mai fadamu jefi-jefi, saboda haka yumɓun gini ba a ko'ina yake ba, sai an bi bakin tafki ko kududdufi. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa talakan karkara ya daɗe yana zaune cikin bukka da kago mai jinka, da dangar kara ko ta zana, soro kuwa ya zama alamar sarauta da malanta da fatauci. Wanda ya ƙudurta yin soro yakan soma ne bayan kaka, lokacin da hatsi ya shiga rumbu, hannaye suka sami sarari. Akan nemi shawarar malami a kan ranar sa harsashi, a yi sadaka, sa'an nan a kira gayya domin haƙa da kwaɓa da dakon ƙasa. Tubalin dā da hannu ake mulmula shi, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya shi a rana, a jera shi gindi ƙasa. Bangon kan fara da kauri, yana sirancewa har ya kai rawani.

Girman ɗaki kuwa ice ne ke yanke shi. Azara, watau tsagin gangar giginya, ita ce gara ba ta cika ci ba, kuma magina sun fi son ta namijin giginya saboda tauri. Amma azara guda ba ta ɗaukar nauyin ƙasar rufi idan tazarar ta wuce kimanin mita biyu. Duk wanda ke son zaure mai faɗi, to, sai ya biya gwanin da ya iya bakan gizo ko ɗaurin guga, inda ake ɗaura azara bisa azara cikin yumɓu har su haɗu a tsakiya. Ƙololuwar wannan fasaha ita ce masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a farkon rabin ƙarni na 19. A ƙauye ba a kai can ba, amma ƙa'idar ɗaya ce: kafin a zana ɗaki a ƙasa, sai an ƙirga azarar da ake iya samu.

Abu na biyu da magini ke lura da shi shi ne gabas. Hadarin damina a wannan ƙasa daga gabas yake tasowa da iska, kuma bangon gabas ne ke fara zaizayewa. Idan kuɗin yaɓe mai kyau bai isa gida duka ba, da wannan bango ake farawa, sai rawani da bakin indararo, sa'an nan fuskar zaure, wadda ita ce idon jama'a ke gani.

Makuba, laso da daɓe

Yaɓe mafi araha shi ne na ƙasa zalla da aka kwaɓa da ciyawa ko kashin dabbobi, aka bar ta ta ruɓa kwanaki. Kusan kowace shekara sai an sabunta shi. Sama da shi akwai makuba. Ana samunta ne daga ɓawon kwanson ɗorawa, bayan an fitar da garin da ake sha da kalwar da ake daddawa. Akan jiƙa ɓawon ko a dafa shi, ruwan ya yi ja-ja baƙi-baƙi, a kwaɓa jar ƙasa da shi a shafe bango. Idan ya bushe yakan yi duhu da ɗan sheƙi, ruwa na zamewa a kansa, kuma yakan ɗauki damina fiye da ɗaya kafin ya nemi gyara. Sau da yawa ana barin sawun yatsun mai yaɓe a jiki, layi bisa layi, wanda shi kansa ado ne.

Laso ya fi wannan tsada da ƙarko, kuma tarihinsa ya fi ba da haske. Abubuwa uku ake haɗawa. Na farko katsi, watau lakar da ke taruwa a gindin rijiyar rini, wadda ake kwashewa a busar a ƙona. Na biyu gashin jima, wanda majema ke kankarewa daga fatun awaki. Na uku ruwan dafara, mai yauƙi, da ake samu idan an daddake wannan tsiro na daji an jiƙa shi. Abin da ke fitowa siminti ne na gargajiya, mai launin toka, da ake shafe rufin soro da rawani da zankwaye, yana kai kimanin shekara biyar. Da shi ne kuma marina ke shafe rijiyoyinsu. Ke nan magini ba ya samun laso sai marina na aiki, majema na aiki, daji kuma na nan da rai. Yaɓen soron attajiri ya rataya ne a kan sana'o'i uku da ba na gini ba, kuma idan ɗaya ta faɗi, sauran ba sa isa.

Daɓe aikin mata ne. Akan shimfiɗa tsakuwa ko birji, a yayyafa ruwa, mata su jeru da madaɓai suna bugu tare suna waƙa, sa'an nan a bi da ruwan makuba ko na bagaruwa har ƙasan ta yi tauri da santsi. Masu nazarin adabin baka sun tattara waƙoƙin daɓe da yawa, amma abin mamaki, kaɗan ne suka damu da rubuta yadda ake daɓen kansa. Ɗakin amarya nan ne wannan aiki ke kai matuƙa: ango ya gina, dangin amarya mata su zo su daɓe, su shafe bango da farar ƙasa, su yi jere. Har yau wannan rabon aiki yana nan, ko da yake leda da fenti da labule sun maye gurbin madaɓi. Duk mai son sanin wa ke zaɓar kayan ƙarshe na ɗaki a gidan Bahaushe, daga nan ya kamata ya fara.

Game da zanen fuskar gida, akwai kuskuren da ya yaɗu, na ɗauka cewa daɗaɗɗen abu ne ƙwarai. Adon cikin soro, a kan bakan gizo da ginshiƙai, tsoho ne a fadoji da masallatai. Amma cika fuskar zaure ta waje da zane ya bunƙasa ne a ƙarni na 20, kamar yadda binciken A. H. M. Kirk-Greene da na Friedrich Schwerdtfeger a Zariya suka nuna. Shi ya sa ake ganin keke da mota da agogo kusa da dagi da takobi. A unguwannin Birni da Zango na Damagaram ma attajirai sun yi gasar wannan ado, har da launuka, kuma daga can ne masu hali na ƙasar kudu suka riƙa kwaikwayo.

Gyaɗa, kwano da siminti

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930. Ta waɗannan hanyoyi gyaɗar Magariya ke fita, ta nan kuma kwanon rufi da ƙusa da ƙyauren ƙarfe ke shigowa kantunan kamfanonin Turawa. Bayan samun mulkin kai, kamfanin SONARA, wanda aka kafa a 1962, ya riƙe cinikin gyaɗa, kuɗin kaka suka yawaita a hannun manoma da ƴan baranda. A wannan zamani ne aka soma sauya tubalin hannu da na ma'auni mai kusurwa huɗu, ɗaki mai kusurwa ya kori kago, domin kwano ba ya hawa da'ira cikin sauƙi. Masana'antun siminti na Malbaza a ƙasar Tawa da na Sakkwato duk sun fara aiki a cikin shekarun 1960, na Ashaka ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1970. Ga mutumin Dantchiao, kasuwannin Babura da Maigatari da Kano sun fi Malbaza kusa nesa ba kusa ba.

A daidai wannan lokaci kayan dā suka yi ta ƙarewa. Shunin Turawa da atamfar kanti sun kashe yawancin marinan karkara, katsi ya yi wuya. Farin 1973 zuwa 1974 ya kashe itatuwa, cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta karya kasuwarta. Dokar daji ta 1974 ta sa giginya da ɗorawa cikin itatuwan da ba a sara sai da izini, giginya kuwa takan yi shekaru da dama kafin ta isa tsaga. Farfaɗowar itatuwan gona da aka gani a Magariya da Matamaye da Miriya tun daga tsakiyar shekarun 1980 abin yabo ce, sai dai mafi yawanta gawo ne, wanda ke gyara gona amma ba ya zama azara. Sandunan bedi da na turare da suka maye gurbi ba su da ƙarkonta a gaban gara.

Sai maigida ya sami kansa tsakanin abu biyu: bulo da siminti da ya fi ƙarfin aljihunsa, ko kuwa ginin ƙasa da aka raba shi da yaɓensa na asali. Mafitar da aka fi bi ita ce a gina da ƙasa a shafe da siminti. Wannan haɗi yana da aibi sananne. Siminti da yumɓu ba sa kama juna, ba sa kuma miƙewa da tsukewa tare idan zafi da sanyi sun sauya. Da zarar tsaga ta buɗe, ruwa ya shiga baya, ba shi da hanyar fita, bango ya jiƙe a ɓoye har filastar ta ɓalle falle guda. Magina na rage wannan da kafa ƙusoshi ko tsakuwa ko ragar waya kafin shafe, amma cutar tana nan. Makuba tana tsufa a fili, mai gida ya gani ya gyara. Kwano shi ma ya kawar da wahalar yoyon soro da gyaran kowace bazara, ya kawo zafin da ke korar mutane zuwa tsakar gida a watannin Afrilu da Mayu, sai mai hali ya ƙara kuɗin silin.

An gwada wata hanya. Tun 1980 ƙungiyar Development Workshop ta fara koyar da gini ba ice a Nijar, inda ake rufe ɗaki da ƙubba ta tubali zalla. A 1986 kuma masallacin Yama na ƙasar Tawa, aikin magini Falke Barmu, ya sami lambar yabo ta Aga Khan. Duk da haka martabar siminti a idon jama'a ba ta ragu ba. Rushewar wani sashe na masallacin Zariya a watan Agusta 2023, da faɗuwar tsohon masallacin Birni a Damagaram sakamakon ruwan watan Satumba 2024, sun ƙara wa masu cewa ƙasa ba ta da amana ƙarfin baki, ko da yake duka gine-ginen biyu sun haura shekara 150 a tsaye.

Abin da ya shafi harshe

Takardun hukuma a Nijar na kasa gidaje kashi uku da Faransanci: banco, da semi-dur, da dur. Kalmar banco kaɗai ta haɗiye tubali da yaɓe da makuba da laso, ta daidaita soron sarki da ɗakin da damina biyu za ta rusa. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana yawancin waɗannan kalmomi, haka ma littafin J. C. Moughtin na 1985 a kan ginin Hausa, amma dukansu da Turanci suke, kuma sun fi karkata ga Kano da Zariya. Tarin kalmomin maginan Damagaram da na ƙasar Sosebaki, da bakinsu da karinsu, aiki ne da ya fi cancanta a gaggauta fiye da ƙirƙiro sababbin kalmomi a ofis, domin masu iya laso tsofaffi ne. Jihar da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973 ita ta fi dacewa da soma shi.

Kalmomin aro kuma ta ƙofa biyu suke shigowa. Abin da mutumin Kano ke kira kwano, a Nijar akan ce tol, birkila kuma maso, alhali bulo da fenti da linta sun tsallako daga kudu tare da kayan. Littafin yaƙi da jahilci da zai yi amfani a Dantchiao dole ya ɗauki duka biyun, domin maigida yana jin ɗaya a wurin magininsa, ɗaya a wurin mai kanti. Haka batun lissafi. Buhun siminti kilo 50 ne a ko'ina, amma farashinsa na zuwa da naira, a biya da sefa, sefar kuma da baki ake ƙirga ta da dala, kowace dala tamma biyar, ta yadda adadin da aka rubuta a takardar magini ya ninka wanda ake faɗa sau biyar. Karyewar darajar sefa a Janairu 1994, da rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, kowannensu ya sauya wannan lissafi a tsakiyar gini, ya bar gidaje da dama tsaye ba yaɓe har damina ta same su.