Zare: Yadda aka koya wa kyamara tsayar da doki yana tsakiyar sukuwa

1/ Yau zaren tarihi ne, amma daga akwatin kakata zan faro.

A gidanmu a Batsari akwai hoton kawuna a kan doki ranar hawan Sallah. Katangar bayansa ta fita tas. 'Yan kallo sun fita tas. Shi da dokin kuwa sai ka ce hayaƙi. Ku biyo ni. 🧵

2/ Kawu ya rasu, dokin ma ya daɗe da mutuwa. Duk dattijon da ya san shi zai ce maka wajen jahi ba a cika samun kamarsa ba. Shaidar da ta rage mana ita ce hoton nan, shi kuma bai nuna komai ba.

Na daɗe ina zagin mai hoton a zuciyata. Ashe bawan Allah ba shi da laifi.

3/ Ga yadda abin yake. A cikin kyamara akwai wani ɗan labule. In ka danna, sai ya buɗe, haske ya shiga, ya rufe. Duk abin da ya motsa a tsakanin buɗewa da rufewar nan, jirwaye zai bari. Hoto kenan a taƙaice: haske da lokaci.

4/ Mu yi lissafi. Doki mai ƙarfi a sukuwa yakan kai kilomita 60 a awa, wato kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. In labulen ya tsaya a buɗe 1/60 na daƙiƙa, dokin ya ci santimita 28 kafin ya rufe. Ya fi taƙi guda! Ta ina fuska za ta fita?

A 1/1000 kuwa, bai kai santimita 2 ba.

5/ To tarihin da zan ba ku, tarihin rage wannan lokacin ne: daga mintuna zuwa kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. An yi sama da shekara 100 ana wannan fama.

6/ A 1838, Louis Daguerre ya ɗauki hoton wani babban titi a birnin Paris na Faransa. Titi ne mai cike da kekunan doki da mutane, amma a hoton fayau yake kamar an yi dokar hana fita. Ɗaukar ta ci mintuna, duk mai motsi ya ɓace. Wanda ya fita sosai shi ne wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi. 😅

7/ Shi ya sa a hotunan farko-farko kowa ya sandare kamar an dasa shi. Har ƙarfe ake sa wa mutum a ƙeya don kada kansa ya motsa. "Kar ka motsa!" ɗin da masu hoton kasuwa suka riƙa yi wa iyayenmu, gadon wancan zamani ne.

8/ Sai gardamar doki ta shigo. Tambayar ita ce: in doki yana gudu, akwai lokacin da ƙafafunsa huɗu duk suke sama? Ido ba ya iya gani. Masu zanen Turai kan zana shi ya miƙe ƙafafun gaba gaba, na baya baya, kamar yana shawagi.

Ku tambayi mahayan garinku, za ku ga har yau ana iya raba majalisa biyu a kan wannan.

9/ Leland Stanford, attajiri kuma tsohon gwamnan Kalifoniya a Amurka, mai dawaki ne na gaske. Shi ya ɗauko wani mai hoto ɗan asalin Ingila, Eadweard Muybridge, a 1872, ya ce ya raba gardama. Aikin ya ci shekaru da kuɗi mai yawa.

10/ A watan Yunin 1878, a gonar Stanford da ke Palo Alto, Muybridge ya jera kyamarori 12 a gefen hanyar tsere, ya kafa farin bango mai maido hasken rana, ya ja zaruruwa a kan hanyar. Dokin da kansa yake ɗaukar hotonsa: yana taɓa zare, kyamara na ƙiftawa, a wajen 1/1000 na daƙiƙa.

11/ Sakamako: eh, ƙafafu huɗun suna barin ƙasa. Amma a lokacin suna naɗe ne a ƙarƙashin ciki, saɓanin yadda aka yi ta zanawa. Ƙarnoni ana zana kuskure, hoto ya gyara a yini ɗaya. Gonar nan ita ce Jami'ar Stanford a yau, jerin hotunan kuma suna cikin kakannin silima.

12/ Ku lura da shekarar. A 1878 ɗin nan, ƙasar Ruma bakin daga ce tsakanin Katsina da Maraɗi, doki kuma shi ne makami, shi ne abin hawa, shi ne daraja. Ƙarnin mayaƙa irin su Ɗanwaire kenan. Mutanen da suka fi kowa sanin ƙafar doki suna nan wajenmu, kyamarar da za ta nuna ta tana can wata duniya.

13/ Muybridge da rana ya yi aiki. Amma labule ƙarfe ne da zare, yana da iyakar gudu. Harsashi fa? Ɗigon ruwa fa? A nan wata dabara ta daban ta shigo, kuma kowa a cikinmu ya taɓa ganin ta ba tare da ya sani ba.

14/ Daren damina, duhu ƙirin, ana tsuga ruwa, sai a yi walƙiya. A wannan ƙiftawar za ka ga ɗigon ruwa a tsaye a iska, ka ga akuyar da ke gudu ta ƙame. Idonka a buɗe yake tun ɗazu, hasken ne ya zo gajere.

Sirrin kenan duka: a duhu, tsawon hasken shi ne tsawon hoton.

15/ William Henry Fox Talbot ya gwada wannan a Landan tun 1851. Ya manna takarda mai rubutu a faifan da ke juyawa da gudu, ya duhunta ɗaki, ya buɗe kyamara, ya saki tartsatsin lantarki sau ɗaya. Rubutun ya fita ana karantawa.

16/ A 1887 Ernst Mach da Peter Salcher a ƙasar Ostiriya suka fitar da hoton harsashi yana tafiya, har da igiyar iskar da yake turawa a gabansa. Da tartsatsi suka yi su ma. In ka ji ana cewa jirgin yaƙi ya kai "Mach 2", wato ninki biyu na gudun sauti, sunan mutumin nan ne.

17/ Su kuwa masu hoton yau da kullum, abin da ya zo musu a 1887 garin magniziyam ne daga Jamus: a zuba a faranti, a kunna, ya yi "fuu!" da hayaƙi. Ya ƙone mutane da dama. A 1929 aka fara sayar da ƙwan filasha, shi kuma amfani ɗaya ake yi da shi a jefar. Duka biyun suna da haske, amma ba su da gajartar tsayar da harsashi.

18/ Sai Harold Edgerton, 1903 zuwa 1990, injiniyan lantarki a jami'ar MIT ta Amurka. Shi fa ba hoto ya fita nema ba. So yake ya ga abin da ke faruwa a cikin injin lantarki yana juyawa. A wajen 1931 ya inganta fitila mai ƙifce-ƙifce da sauri, har injin da ke gudu ya zama kamar a tsaye.

19/ Yadda take aiki: ana tara wuta a wani ɗan rumbun lantarki, sannan a sake ta gaba ɗaya cikin bututun gilashi mai iskar gas, daga baya aka tsaya a kan zinon. Kamar ka cika randa a hankali, ka kifar da ita lokaci guda. Kuma a sake cikawa a sake kifarwa, ba kamar ƙwan da ke mutuwa ba.

20/ Ku nemi hotunansa biyu. Na 1957: ɗigon madara ya faɗi ya tashi kamar kambin sarauta. Na 1964: harsashi ya huda tufa, ya fito ta ɗaya gefen, yana tsaye cak a iska. Hasken bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba. Makirfo ne ke jin ƙarar bindigar ya tayar da filashar, don babu yatsan da zai iya.

21/ Abin bai tsaya a ado ba. A yaƙin duniya na biyu, jiragen sama sun ɗauki manyan fitilunsa suna hoton ƙasa da dare, har da yankin Normandy kafin farmakin Yunin 1944. Daga baya ya yi aiki da Jacques Cousteau wajen hoton ƙarƙashin teku. Filashar da mai hoton bikinku ke ɗorawa a kan kyamara jikanyar wannan fitila ce.

22/ Mu dawo gida. Turawa sun shigo Katsina a 1903. Sarki Muhammadu Dikko, 1906 zuwa 1944, da ɗansa Sarki Usman Nagogo, 1944 zuwa 1981, sun sa sunan Katsina ya zama ɗaya da doki da folo. An yi gagarumin hawa a Kaduna a 1956 don Sarauniyar Ingila, an sake yi a 1977 lokacin FESTAC.

23/ Amma duba tsofaffin hotunan da ake yawo da su a nan. Yawanci na manya ne, a tsaye ko a zaune, a manyan birane. Mahayin ƙauye da ke bin tawagar Sarkin Ruma daga Batsari ko ta Yarima daga Safana, in ma ya shiga hoto, ɗigo ne a can baya. Irin su kawu kenan.

24/ Yau kyamara tana aljihun kowa, uzuri ya ragu. Ga abin da tarihin nan ya koya mana a aikace.

Da rana, ka bi hanyar Muybridge. Ka sa gudun labule a 1/1000 ko 1/2000, rana na bayanka, ka ɗauka a jere. Wayoyi da yawa suna da wannan a sashen Pro. A 1/2000, dokin nan bai ci santimita 1 ba.

25/ Kuma don Allah kar ka haska wa doki filasha a fuska yana jahi. Haskenta 'yan mitoci kaɗan yake kaiwa, da rana ba abin da zai ƙara maka, kuma doki na iya firgita da mutum a kansa, ga yara cike da fili. Babu hoton da ya kai ran mutum.

26/ Da dare ko a ɗaki, ka bi hanyar Edgerton. Abin da da yawa ba su sani ba: filashar kan kyamara in tana cikakken ƙarfi haskenta yakan kai wajen 1/1000 na daƙiƙa. In ka rage ta zuwa 1/64 ko 1/128, hasken yakan gajarce ya wuce 1/20000. Ƙaramin ƙarfi ya fi tsayar da motsi. Sai dai ka matso da ita kusa.

27/ Wani tarko: yawancin kyamarori ba sa haɗa filasha da labulen da ya wuce 1/200 ko 1/250. In ka zarce, baƙin layi zai cinye gefen hoton. Akwai tsarin HSS da ke magance haka, amma a nan filashar ƙifce-ƙifce take yi a jere, ƙarfinta ya ragu, aikin tsayarwa ya koma hannun labule.

28/ "To filashar wayata fa?" Wannan tocila ce ta LED, haskenta yana daɗewa, shi ya sa hoton rawar biki da dare ke fita kamar aljanu. 😂 Wayoyi kaɗan ne suka taɓa zuwa da bututun zinon na gaske, irin su Nokia N8 ta 2010 da Nokia 808 ta 2012.

29/ Gwaji na gida. Ka samu madara a ƙwarya, ɗaki mai duhu, kyamara a kan ƙafa uku. Saita ganin a inda ɗigon zai faɗi. Bar labule a buɗe daƙiƙa 2, ƙaninka ya ɗiga, kai ka danna filasha da hannu tana ƙaramin ƙarfi. Za ka ɓata da yawa kafin ɗaya ya yi. Edgerton ma shekaru ya yi yana bin ɗigon nan.

30/ Me ya sa na damu? Rubuta Batsari ko Safana a wajen neman hoto ka ga abin da zai fito: gidaje a ƙone, mata da yara da ƙullin kaya, makara. Gaskiya ne, ya faru, muna cikinsa. Akwai ma shekarun da aka soke hawan Sallah a Katsina saboda tsaro, aka ƙara da korona.

31/ Amma ba shi kenan ba. Akwai taɓarya a sama ana lugude, hannu yana tafi kafin ta sauko. Akwai gero a iska wajen sheƙa. Akwai naushin ɗan dambe daidai lokacin da gumi ya fantsama. Duk abubuwa ne na rabin daƙiƙa, kuma masu iya su suna tsufa, wasu sun bar garuruwansu.

32/ Ka nemi izini kafin ka ɗauka, musamman mata. Ka rubuta suna, gari da shekara. Ka wanke ko ɗaya ne ka kai wa mai shi, don waya takan faɗa ruwa.

Hoton kawu yana nan a akwati. In kuna da irinsa a gida, ku ɗora a ƙasa mu gani, ku gaya mana wane ne a ciki.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya dawo mana da zaman lafiya. Amin. 🤲